Daga Shago Ɗaya a Seattle Zuwa Rassa 40,000: Lacca Kan Manyan Gidajen Gahawa

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, jama'a, barkanmu da war haka. Na san yawancinmu a ɗakin nan 'yan shayi ne, gahawa kuwa sai wanda ya je Saudiyya ya saba da ita. Amma ku ba ni aron kunnuwanku, domin labarin da zan ba ku na kasuwanci ne, labarin kamfanin gahawa na Amurka mai suna Starbucks da takwarorinsa.

Mu fara da wani mutumin Holan mai suna Alfred Peet. A gidansu ya tashi ya tarar da sana'ar gasa ƙwayar gahawa. Da ya zo Amurka sai ya iske ƙasa mai arziki tana shan gahawa marar daɗi, niƙaƙƙiya a gwangwani, wadda ta daɗe a kanti har ƙamshinta ya gudu. A 1966 ya buɗe ɗan shagonsa a Berkeley, jihar Kalifoniya, yana zaɓo ƙwaya mai kyau, yana gasa ta da kansa har ta yi duhu. Wajensa wasu abokai uku suka koyi sana'ar: Jerry Baldwin da Zev Siegl, dukansu malaman makaranta, da Gordon Bowker, marubuci. A 1971 suka buɗe nasu shagon a Seattle, kusa da kasuwar Pike Place, suka sa masa suna Starbucks. Farkon ƙwayar da suka sayar ma daga wajen Peet suka saro ta.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Shagon nan ya shafe fiye da shekara goma ba ya sayar da gahawar sha. Ƙwaya yake sayarwa, da ganyen shayi, da kayan ƙamshi, da na'urorin dafawa. Ka saya, ka tafi gida, ka dafa abinka.

Sai Howard Schultz ya shigo. Ɗan talakawa ne daga unguwar Brooklyn a birnin New York, yana aiki da wani kamfanin kayan kicin na Suwidin. Ya lura wani ƙaramin kamfani can Seattle yana yawan odar wata na'urar tace gahawa, ya ce bari ya je ya gani da idonsa. A 1982 suka ɗauke shi aiki. Shekara ɗaya bayan nan aka tura shi baje kolin kayan gida a Milan, ƙasar Italiya. Can ya ga abin da ya sauya masa tunani: kowace kwana akwai shagon gahawa, mai shago ya san sunan abokin cinikinsa, ya matso masa 'yar gahawa mai kauri daga inji a ɗan mitsitsin kofi, a tsaya a sha, a yi hira, a wuce, gobe a dawo. Kamar dai teburin mai shayi a unguwa, inda rabin masu zama don labari suka zo.

Ya dawo ya ce wa iyayen gidansa a fara sayar da kofi-kofi. Suka bar shi ya gwada a kusurwar wani sabon reshe a 1984, mutane suka yi ta tururuwa, amma duk da haka suka ce a'a, su masu gasa ƙwaya ne, ba gidan abinci za su buɗe ba. Ni dai ban ga wautarsu ba. Sun san abin da suke so, kuma a shekarar sun sayi kamfanin malaminsu Peet, bashi ya yi musu nauyi. Schultz ya fita ya kafa nasa, Il Giornale, ya buɗe a 1986. Shi da bakinsa ya ce mutum 242 ya nemi su zuba jari, 217 suka ƙi. A 1987 masu Starbucks suka sa shi a kasuwa, Schultz ya haɗo masu kuɗi ya saya a kan dala miliyan 3.8, ya ɗora sunan a kan shagunansa. Ƙarshen shekarar rassa 17 ne.

To ta yaya 17 ta zama dubbai? Kuɗi ne farko, kada kowa ya ruɗe ku. Shekara uku a jere kamfanin yana faɗuwa, sai a 1990 ya ga riba, saboda ya gina wurin gasawa da ya fi ƙarfin rassansa, ya ɗauko manajojin da suka saba da manyan kamfanoni tun kafin ya girma. Wannan sai da masu jari masu haƙuri. A 1992 ya shiga kasuwar hannun jari yana da rassa kusan 140, daga nan ƙofar kuɗi ta buɗe. Kuma shekaru da yawa bai yarda ya sayar wa kowa sunansa ya je ya buɗe shago yadda ya ga dama ba. Shi ke kama haya, shi ke ɗaukar ma'aikata, don kofin da ka sha a Chicago ya zama daidai da na Seattle. Yana kuma cika gari ɗaya da rassa kafin ya tsallaka wani. A titin Robson na birnin Vancouver a Kanada har rassa biyu suka yi shekaru suna kallon juna a mahaɗa ɗaya. Kana ganin kamar hauka, amma layi ya ragu, kai kaya ya yi sauƙi, abokin hamayya kuma ya rasa inda zai kafa.

Akwai batun ma'aikata. Tun 1988 ya ba har masu aikin rabin lokaci inshorar lafiya, abin da ba kasafai ake yi a irin wannan aiki a Amurka ba. Schultz yakan danganta hakan da mahaifinsa, direban kai kaya da ya karye a bakin aiki aka sallame shi ba ko sisi. Akwai tausayi a ciki, akwai kuma lissafi: horar da sabon ma'aikaci kullum ya fi tsada.

Waje kuwa, Tokyo a 1996, Birtaniya a 1998 ta hanyar sayen wani kamfani da ke da rassa a can, Beijing a 1999. A Birtaniya ya tarar da Costa, wanda 'yan'uwa biyu 'yan asalin Italiya, Bruno da Sergio, suka fara a Landan a 1971, su ma da gasa ƙwaya. Wani kamfanin Birtaniya mai suna Whitbread ya saye shi a 1995 ya baza shi ko'ina, daga baya Coca-Cola ta biya fam biliyan 3.9 ta karɓa.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe. Girman ya fara cinye abin da ake sayarwa. A Fabrairun 2007 Schultz, wanda a lokacin ya bar kujerar gudanarwa, ya rubuta wa manyan kamfanin takarda, ta kuma fita waje. Ya ce injinan zamani da aka kawo don sauri sun yi tsawo, sun kare fuskar mai haɗa gahawa, abokin ciniki ba ya ganin ana haɗa masa. Ya ce tun da aka koma kawo gahawa a leda mai like, an daina niƙawa a gaban mutane, ƙamshin da ke jawo mai wucewa ya ɓace daga shago. Kowane mataki daidai ne a takardar akanta, amma da aka haɗa su sai shagon ya zama kamar kowane. A 2008 ya dawo kujerar. A watan Fabrairu suka rufe rassa kusan 7,100 na Amurka na sa'o'i uku da rabi don a sake koya wa ma'aikata haɗa gahawa, a watan Yuli kuma suka sanar da rufe rassa 600. A Ostareliya rassa 61 aka rufe a shekarar, domin baƙin haure daga Italiya da Girka sun riga sun koya wa mutanen can shan gahawa mai kyau tun da daɗewa. Ba su ga dalilin biyan tsada ba.

Duk da haka, zuwa 2024 rassan Starbucks sun haura 40,000. Sai dai a Sin wani ya zo da akasin dabarar. Luckin, da aka kafa a 2017, bai damu da kujeru ko hira ba: ka yi oda ta waya, ka biya da araha, ka karɓa a ɗan lungu ka tafi. A 2020 aka gano ya ƙirƙiro cinikin ƙarya na sama da yuwan biliyan 2, aka cire shi daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, kowa ya ce ya mutu. Bai mutu ba. A 2023 rassansa suka wuce 10,000, ya bar Starbucks a baya a ƙasar.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.