Kwamfutarka 'yar ina ce?

Juya kwamfutarka ka duba bayanta. Da wuya ba ka ga an rubuta cewa a China aka yi ta ba. A shagunan titin Ahmadu Bello, nan Jos, da mai saye ya ga haka sai ya yatsine fuska: "Alhaji, ai 'yar China ce, ba ta ƙarko." To, HP da Dell ɗin da yake nema, har da Apple, yawancinsu can ake haɗa su. Kamfanonin Taiwan irin su Foxconn da Quanta da Compal ne ke karɓar kwangilar, su haɗa a masana'antunsu na birane kamar Shenzhen da Chongqing, a manna tambarin mai kaya.

Amma ba duka sassanta ake ƙerawa a can ba. Ƙwaƙwalwar na'urorin Apple da wadda kamfanin AMD ke sayar wa masu haɗa kwamfuta, galibi kamfanin TSMC ke ƙera su a Taiwan, ma'adanar bayanai kuwa galibi daga Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu take.

Saboda haka ƙarko ba daga sunan ƙasa yake ba. Gari ɗaya ke fitar da mai nagarta da jabu, ya danganta da abin da mai oda ya biya da irin gwajin da ya nema. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu aikin. A 2010 ma'aikatan Foxconn fiye da goma, matasa, suka faɗo daga benaye a Shenzhen suka kashe kansu, har kamfanin ya kewaye gine-ginen da raga. Kuma ba jabu ake yi a wurin ba, kaya ne masu tsada da duniya ke layi a kansu. Kyan na'ura ba ya gaya maka halin da mai haɗa ta yake ciki. Batirinta ma akwai ma'adinin kobalt a ciki, kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake, inda a 2016 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa yara ƙanana suna aiki a wuraren haƙarsa.

Mu 'yan Jos ba sai an ba mu labari ba. Duk ƙananan sassan da ke jikin allon kwamfuta, da narkakkiyar kuza ake liƙa su. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya (ɓangaren Malesiya ta yau, mai arzikin kuza) daga hannun Ingila, Turawan mulkin mallaka suka ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a filayen kuza na nan, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Tafkunan Rayfield da Bukuru ramukan haƙar kuza ne ruwa ya cika. Har yau samarinmu na shiga rami da igiya da fitila, wani lokaci ƙasa ta rufta da su.