Gidan yarin da aka gina don tuba

Ku dubi wannan katanga. Kamar ganuwar fadar sarki, ko? To gidan yari ne, sunansa Eastern State, a birnin Filadelfiya na Amurka. An buɗe shi a 1829.

Waɗanda suka kawo shawarar gina shi ba mugaye ba ne. Wata ƙungiyar masu neman gyara ce da aka kafa a 1787, cikinsu har da likita Benjamin Rush. A lokacin, kurkuku tarkace ne: ɓarawo da mai kisa da wanda bashi ya ci, duk ɗaki ɗaya. Sai suka ce a raba su, kowa ya zauna shi kaɗai da Ubangijinsa har ya yi nadama. Kamar halwa ke nan, sai dai mai shiga halwa shi ya zaɓa.

Mai zanen ginin, John Haviland, ya yi shi kamar ƙafar keke: tsakiya ɗaya, dogayen layuka bakwai sun miƙa daga cikinta, gandiroba ɗaya na iya hango su duka. Kowane ɗaki da famfo da masai da ɗumi lokacin sanyi, a zamanin da fadar shugaban Amurka kanta ba ta da ruwan famfo. Haske kuwa ta wata 'yar taga a rufi yake shigowa, ana ce mata idon Allah.

Amma ku saurari shirun. Ta 'yar kafa ake miƙo abinci. Fursuna ya yi saƙa ko ɗinkin takalmi shi kaɗai, ya sha iska na awa ɗaya shi kaɗai. In za a fito da shi, a rufe masa kai da buhu. Su kansu gandirobobi sukan sa safa a kan takalmi don kada a ji sawunsu. Mutum rahama ne, ga shi an hana shi mutum.

Marubucin Ingila Charles Dickens ya zo a 1842, ya fita yana cewa wannan wasa da ƙwaƙwalwa ya fi azabar jiki muni. Duk da haka gidajen yari kusan 300 a duniya suka kwaikwayi zanen.

Cunkoso ne ya karya tsarin, aka yi watsi da shi a 1913. Daga baya shahararren ɗan daba Al Capone ya yi wajen wata takwas a nan daga 1929, ɗakinsa har da kafet da rediyo.

A 1971 aka rufe gidan. Bishiyoyi suka tsiro a ɗakuna, kyanwoyi suka tare. Tun 1994 ake shigo da masu yawon buɗe ido, kuma da gangan aka bar bangon yana ɓarewa. A filin tsakar gidan yanzu akwai wani dogon allon ƙarfe da ke nuna yadda yawan fursunonin Amurka ya yi ta hauhawa tun daga shekarun da aka kulle ƙofar nan.