Yarda da kai ko girman kai? Hira daga Garwa

Hajara: Jama'a, barkanmu da war haka daga Garwa. Malam Isa, Kawu Bello, sau da yawa a kan ce wane yana ji da kansa, alhali aikinsa kawai ya iya. Ina iyakar take?

Malam Isa: Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Sahihu Muslim ya shata ta. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan mai son tufa da takalmi masu kyau. Ya nuna ba wannan ba ne girman kai, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Kawu Bello: Ɗiyata, je garejin masu gyaran babur ki gani. Babur ya ƙi tashi. Bakaniken da ya yarda da kansa zai fara da abu mai arha: ya leƙa tanki, ya kwance fulogi ya ga ko yana ba da wuta, sannan ya wanke kafireta. In ya ga matsalar waya ce, kuma ba fanninsa ba ne, sai ya ce a kai wa mai wayarin.

Hajara: Ɗayan fa, Kawu?

Kawu Bello: Daga jin ƙara ya yanke hukunci, sai a buɗe inji. Yaronsa ya ce, "Maigida, fulogin ya yi baƙi," ya daka masa tsawa. Mai babur ya biya kuɗin fistin, cutar na nan daram.

Malam Isa: Kuma ba lallai ƙarya yake yi da gangan ba. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na jami'ar Cornell a Amurka sun gwada ɗalibai. Waɗanda suka fi kasawa kashi 12 cikin ɗari na ɗaliban kawai suka fi ƙoƙari, amma suna zaton sun fi kashi 62 na ɗaliban. Ilimin da za su gane kuskurensu da shi, shi ne ba su da shi.

Hajara: To, a nan yaro mai kunya ake yabo. In ya yi magana gaban manya, ba za a ce ya yi fitsara ba?

Kawu Bello: Ya danganta da yadda ya faɗa. Ya bari mai babur ya matsa, ya rage murya, ya miƙa fulogin ya ce, "Maigida, duba wannan." Kada ya ce "kun yi kuskure". Fulogin ya isa shaida.

Malam Isa: Shi kuma maigidan ya karɓa ya duba, ko da a gaban sauran yara ne.