Yadda Malami Zai Gina Darasi a Kan Amsoshin Ɗalibansa

Assalamu alaikum, malamai maza da mata da ke koyarwa a makarantun Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Mile 12. Bayaninmu na yau ya shafi manhajojin auna fahimtar ɗalibai, da yadda malami zai sa su cikin lissafinsa tun lokacin da ya zauna shirya darasi.

Kowane malami ya san tambayar da ake rufe bayani da ita, wato "Kun gane?", ya kuma san amsar da aji ke bayarwa da murya ɗaya: "E, Malam." Wannan amsa ladabi ce, amma ba ta nuna abin da ya zauna a kan yara. Idan malami ya ce mai amsa ya ɗaga hannu, yara huɗu ko biyar ɗin da suka saba ne za su ɗaga, sauran su sunkuyar da kai. A ajin da ya cika maƙil, malami yana iya shafe makonni yana gina sabon darasi a kan tushen da rabin yaran ba su kama ba, kuma ba zai sani ba sai ranar da ya zauna duba takardun jarrabawa, lokacin da damar gyara ta riga ta wuce.

A 1998, masana biyu na King's College da ke Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, sun tattara bincike kusan 250, suka nuna cewa auna fahimta a tsakiyar koyarwa yana ɗaga ƙwazon ɗalibai, musamman waɗanda aka bari a baya, muddin malami ya yi amfani da abin da ya gano ya sauya yadda yake koyarwa. Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin maganar. Abin da manhaja ke ƙarawa shi ne ta kawo wa malami amsar kowane yaro cikin minti ɗaya ko biyu, aikin da idan da biro da takarda ne zai cinye masa dare guda.

Manhajojin suna da yawa, amma uku sun ishe mu misali. Kahoot!, wadda aka ƙaddamar a ƙasar Norway a 2013, tana mayar da tambayoyi gasa, sai dai tana buƙatar waya ko kwamfuta a hannun ɗalibai ko a hannun kowane rukuni, da intanet, galibi kuma da allon da kowa zai gani. Google Forms tana ba malami damar shirya gwajin da ke duba kansa, ya aika ta WhatsApp a matsayin aikin gida, sannan ta nuna masa tambayoyin da aka fi faɗuwa a kansu. Ta uku, Plickers, ita ce a ganinmu ta fi dacewa da yawancin azuzuwanmu, domin waya ɗaya kawai take buƙata, wato ta malami. Kowane yaro yana riƙe da kati da aka buga a takarda, mai baƙin zane mai gefe huɗu, kuma kowane gefe yana wakiltar A, B, C ko D. Yaro zai juya gefen da ya zaɓa ya kalli sama, ya ɗaga katin, malami ya bi ajin da kyamarar wayarsa, nan take amsoshi su bayyana da sunan kowa. Haruffan da ke jikin katin ƙanana ne, saboda haka yaro ba ya iya kwaikwayon maƙwabcinsa daga nesa. Katunan suna kaiwa 63, don haka ajin da ya zarce wannan adadi sai a raba shi gida biyu. Gwamnatin Jihar Legas ta raba wa malaman firamarenta kwamfutocin hannu ƙarƙashin shirin EKOEXCEL da ta fara a 2019, amma malamin Islamiyya ko na ƙaramar makaranta mai zaman kanta galibi wayarsa ce duk abin da ya mallaka, kuma ita ma ta wadatar.

Babban aikin yana wajen rubuta tambayar, kuma a nan ne ya kamata malami ya fi ba da lokacinsa. Mu ɗauki darasin kaso cikin ɗari a ƙaramar sakandare. Malami ya rubuta cewa ana sayar da kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 a kan naira 20,000, sai farashi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, bayan mako guda kuma sabon farashin ya ragu da kashi 10 cikin 100. Nawa ne kuɗin kwandon yanzu? Amsar daidai ita ce naira 19,800, domin ƙarin ya kai shi 22,000, ragin kuma 2,200 ne. Sauran zaɓuɓɓuka ukun ba a cike su da ka. Wanda ya zaɓi 20,000 yana ganin ƙari da ragi sun kashe juna, wato bai lura cewa kason na biyu daga sabon farashi ake cire shi ba. Wanda ya zaɓi 22,000 ya iya lissafin, amma ya tsaya a mataki na farko, wataƙila domin bai karanta tambayar har ƙarshe ba. Wanda ya zaɓi 18,000 kuwa ya tsallake ƙarin, ya cire ragin daga farashin asali. Kurakurai uku ne daban, kuma maganin kowanne daban ne. Da malami ya sa lambobin da ba su da alaƙa da tunanin yara, da abin da zai sani kawai shi ne mutum nawa suka faɗi, ba tare da sanin abin da ya kayar da su ba.

Irin wannan tambaya wurinta tsakiyar darasi, daidai inda za a tashi daga mataki ɗaya zuwa na gaba, kuma wajibi ne malami ya rubuta a shirin darasinsa abin da zai yi bisa kowane sakamako. Idan mafi yawan yara sun samu, sai a ci gaba, a ware 'yan kaɗan ɗin da suka rasa a zauna da su yayin da sauran ke aikin aji. Idan mafi yawansu sun rasa, maimaita bayanin farko da ƙarfin murya ba zai yi amfani ba, dole a zo da wata hanya, kamar a zana kuɗin a allo mataki-mataki. Idan kuwa aji ya rabu, a nan darasi ya fi armashi. Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya shahara tun shekarun 1990 da wata hanya mai sauƙi: kada malami ya faɗi amsa, ya ce kowa ya nemi wanda ya zaɓi abin da ya saɓa wa nasa, ya gamsar da shi da hujja, bayan 'yan mintuna a sake ɗaga kati. Yaron da yanzu ya fahimci abu yakan san inda ɗan'uwansa ya maƙale fiye da malamin da ya fahimce shi shekaru ashirin da suka wuce.

Akwai abin da ya shafi yaranmu na Legas kai tsaye, wanda bai kamata a wuce shi ba. Yaron da ke jin Hausa a gida, Yarbanci ko Turancin buroka a unguwa, sannan Turancin littafi a aji, yana buƙatar ƙarin daƙiƙoƙi kafin ya warware tambayar da ke gabansa. Kahoot! kuwa, a tsarinta na asali, tana ƙara wa mai saurin amsawa maki. Idan aka bar ta haka, saurin karatun Turanci za ta auna alhali malami yana zaton lissafi yake aunawa, kuma yaran da suka fi buƙatar ƙarfafawa su ne za su riƙa rasa sunayensu a jerin gwanaye. Malami yana da ikon tsawaita lokacin amsa, yana kuma iya cire maki daga tambaya gaba ɗaya, kuma ya dace ya yi hakan duk lokacin da batun sabo ne. Ya karanta tambayar a bayyane, ya taƙaita jimlolinta, idan ajin ya ba da dama ya fassara kalmar da ke da wuya. Gasar sauri a ajiye ta sai ranar bita, lokacin da yara suka riga suka san abin.

Sabawa da amsa tambaya a kan na'ura ma riba ce, tunda tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Amma idan za a aika gwaji gida, a tuna cewa wayar ta iyaye ce, da yawansu kuma suna kasuwa ko wurin aiki har dare, saboda haka a ba da kwana biyu ko uku, tambayoyin kuma kada su wuce biyar. Sakamakon yaro amana ce: kada a watsa makinsa a zauren WhatsApp na iyaye, kada kuma a shigar da bayanansa a manhaja fiye da abin da aikin ke buƙata, ballantana Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Bayan an tashi daga aji, malami ya buɗe sakamakon ya nemi amsar kuskuren da ta fi yawan masu zaɓa. Da ita zai buɗe darasin gobe, ya sauya lambobin da kayan da ake sayarwa, ya sake jefa irin tambayar bayan mako guda domin ya ga ko gyaran ya zauna. Ya kuma adana tambayoyin da suka tono kurakurai na gaske, ya ba abokan aikinsa da ke koyar da wannan darasi a sauran azuzuwa.