Darasi: Ɗaukar hoton tsuntsaye da kyamara mai araha ga mai fama da sikila

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na masu sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye ne, waɗanda aljihunsu ba nauyi, jikin kuma sai an lallaɓa. Zan fi karkata ga masu sikila, wato amosanin jini, amma mai asma ko mai ciwon gaɓoɓi shi ma zai samu abin ɗauka. Na ɗauka kowa yana da kyamararsa, ya san inda ake sa batir da memori, don haka ba zan tsaya a nan ba.

Lensi mai araha da jikin mai sikila abu ɗaya suke buƙata: tsuntsu ya zo kusa, kai kana zaune. Ga lissafin. Lensi mai milimita 300 a kan ƙananan kyamarorin Nikon irin su D3400, idan tsuntsu yana nesa da kai mita 5, faɗin abin da hoton zai ɗauka wajen santimita 40 ne. Kurciya tsawonta wajen santimita 25, kun ga ta cika hoto ke nan. A mita 10 faɗin ya kai santimita 80, ta koma kashi ɗaya cikin uku. A mita 20 kuwa sai dai ka yanke hoton ka yi ta yankewa har gashinta ya dame. Mai bin tsuntsu a ƙafa cikin gona da wuya ya kusance shi ƙasa da mita 15, ga rana, ga ƙishirwa, ga gajiya, kuma waɗannan ukun duk suna tayar da ciwo. To mu za mu kira shi ne, da ruwa.

Ƙanena, ɗan juyo da kyamarar nan ƙasa su gani. Yauwa. Wannan kasko ne na ƙasa, mai faɗi, marar zurfi. Ruwan ciki kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, domin ƙananan tsuntsaye ba sa shiga ruwan da ya fi ƙarfin ƙafarsu. Na sa dutse ɗaya a tsakiya don su samu wurin tsayawa. Kwanon silba ba ya yi, yana da santsi, yana ƙyalli, kuma ƙyallin zai ɓata maka hoto. A sama kun ga gorar ruwa a rataye, an huda gindinta da allura, huda ɗaya tak, tana ɗiga a hankali. In ta ƙi ɗiga, sassauta murfin kaɗan iska ta shiga. Motsin ruwan nan da ƙararsa su ke jawo tsuntsu daga nesa, musamman da rani, lokacin da kududdufai suka ƙafe.

Sai reshe. Wannan ne mutane ke mantawa, kuma shi ne hoton. Tsuntsu yakan fara sauka a wani wuri mai ɗan tsayi ya duba hagu da dama kafin ya faɗa ruwa. Kai za ka zaɓa masa wurin. Samo busasshen reshe mai kyan gani, kaurin yatsa, ka kafa shi a gefen kaskon, tsayin kamu biyu sama da ruwan. Bayan reshen kuma a samu fili na aƙalla mita 3 zuwa 4 kafin a kai ga katanga ko shuka, don bayan hoton ya narke ya yi laushi. In ka manna reshen da bangon bulo, bulon zai fito ɓaro-ɓaro, ba saitin da zai gyara maka. Rana ta kasance a bayanka. Mai ɗauka da safe ya zauna ta gabas da kaskon, mai ɗauka da yamma ya zauna ta yamma. A zubar da ruwan a wanke kaskon kullum saboda sauro, wannan ba wasa ba ne ga mai sikila. In akwai kyanwa a gidan, a ɗora kaskon a kan turmi ko ganga nesa da inda za ta laɓe. A ba su kwana uku zuwa mako guda su saba. Kurciya da hasbiya ne ke fara zuwa, sai marai da shaya, in unguwar da bishiyoyi har cilakowa takan leƙo.

Wurin zamanka, mafi kyau shi ne cikin ɗaki, ta taga a buɗe, labule a sake, bakin lensi kaɗai ya leƙo. Kada ka ɗauka ta cikin gilashi ko raga. Kujera mai majingina, tsayin da idonka zai yi daidai da reshen. Ban da tsuguno, ban da durƙuso na tsawon lokaci, musamman ga wanda ciwon ya taɓa masa ƙashin ƙugu. Nauyin kyamara kuma ba a hannunka zai zauna ba. Ga wannan, tsohuwar rigar filo ce aka zuba mata gero kamar kilo 2 aka ɗaure baki. Ka ɗora ta a bakin taga, ka danna tsakiyarta ta yi kwari, ka kwantar da lensin. Ni na fi son ta a kan abin kafa kyamara mai ƙafa uku irin na araha, waɗanda ke rawa da zarar an taɓa su.

To, kayan aiki. Mai sayen na hannu, a ɓangaren Canon ya nemi 600D ko 700D da lensin 55-250 mai IS, wato abin rage rawar hannu, da STM, wato nau'in injin fokas ɗinsa. Nauyinsa bai kai gram 400 ba, kuma yana da kaifi. Akwai wani 75-300 da ake yawan haɗawa da kyamara a shago, za a ce maka ai ya fi nisa. Ba shi da abin rage rawar hannu, kuma a ƙarshen zum hotonsa laushi gare shi. Ka bar shi. A ɓangaren Nikon, D3400 ko D5600 da lensin AF-P 70-300 mai VR, wato abin rage rawar hannu na Nikon, wajen gram 415. Ku saurara da kyau a nan, domin a nan kuɗi ke salwanta. Lensin nan iri biyu ne, akwai mai VR akwai marar VR, kamanninsu ɗaya, sai ka karanta rubutun jikinsa. Na biyu, duk lensin da aka rubuta AF-P ba ya aiki da tsofaffin kyamarori irin D3100, D3200 da D5100. D3300 da D5300 suna karɓa, amma sai an sabunta musu manhajar ciki. Na uku, waɗannan ƙananan Nikon ɗin ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsohon lensin da aka rubuta AF kawai, babu S babu P, zai hau, zai ɗauki hoto, amma fokas sai da hannu. Ka tafi shago da kyamararka, ka ɗaura, ka gwada a gabansu. Ka haska tocilar waya ta cikin lensin. In ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ta kan kama kayan da suka zauna a wuri mai danshi, mayar musu. Ita kyamarar a duba sau nawa shotarta ta harba, irin waɗannan an ƙiyasta musu wajen 100,000.

Za ku ji ana zuga babban lensin nan 150-600. Yana da kyau, amma na Sigma kusan kilo 2 yake, kafaɗar da ke ciwo ba za ta ɗauka ba, kuma a mita 5 ba ka buƙatarsa. Akwai kuma kyamarori masu lensi a manne, irin Panasonic FZ80 ko Nikon P900, masu zum mai nisan gaske. Ga wanda burinsa ya gane tsuntsu ya ajiye shaida, sun wadatar, kuma ƙura ba ta cika samun ƙofar shiga ba tunda ba a cire lensi. Sai dai sensarsu ƙarama ce, haske na raguwa hoton zai cika da tsaki-tsaki.

Saiti yanzu. Mai Nikon, juya gare-garen sama zuwa S… a'a, tsaya, A za ka sa. A, inda kai ke zaɓar ƙofar haske. Ƙofar haske f/8, domin lensin nan a 300 ya fi kaifi in an ɗan tsuke shi. Shiga menu, wajen ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kunna na kai-tsaye, iyakarsa 3200, sannan a layin ƙasa inda ake zaɓar mafi ƙarancin saurin shota ka sa 1/1000. Shi ke nan, kyamara za ta riƙa ɗaga ISO da kanta don kada saurin ya faɗi. Mai Canon 600D ko 700D ba shi da wannan layin, don haka ya sa Tv, inda shi ke zaɓar saurin shota, 1/1000, ISO a kan kai-tsaye. Me ya sa 1/1000 alhali tsuntsun a zaune yake, lensin kuma a kan gero? Saboda kansa ba ya tsayawa. IS da VR rawar hannunka suke gyarawa, ba ruwansu da motsin tsuntsu. Babban tsuntsu mai natsuwa kamar zalɓe, 1/500 ta isa. Mai wanka yana fantsama ruwa, ko mai tashi, 1/2000.

Fokas, ɗigo ɗaya na tsakiya, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon, wato fokas mai bin motsi. In ka bar wa kyamara zaɓi, reshen za ta kama ko bakin kasko. Ɗigon a kan ido. A milimita 300, f/8, nisan mita 5, abin da ke fitowa da kaifi daga gaba zuwa baya wajen santimita 9 ne kacal. Ka ga in kurciya ta fuskanto ka ka ɗora ɗigon a ƙirjinta ko a wutsiya, idon ya tafi. Jira ta juya gefe, haske ya ɗan ƙyalla a ƙwayar idon, ka harba uku ko huɗu a jere, ka saki. Kafin duk wannan, akwai ɗan ƙaramin gare-gare a gefen inda kake sa ido. Juya shi har lambobin da ke ciki su fito tar. In ka ga gani ya canza maka farat ɗaya, ko baƙaƙen ɗigo suna yawo, kada ka ɗora wa kyamara laifi, sikila tana taɓa ido, a ga likitan ido da wuri.

Maɓallin +/- kuma, na ƙara ko rage hasken hoto: farin tsuntsu kamar balbela a rana, rage zuwa -0.7 ko -1, in ba haka ba gashin zai ƙone ya zama fari fat. Shirwa a sararin sama, ƙara +1, in ba haka ba baƙin inuwa za ka samu. Ka tuna ka mayar da shi sifili.

Maganar lokaci ita ce mai sarƙaƙiya. Masu hoto za su ce ka fito da asuba. A watan Disamba da Janairu, safiyar hunturu a Kano ko Katsina takan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ma ta fi haka, kuma sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Bari rana ta ɗan ɗaga, daga bakwai da rabi zuwa tara da rabi, ko ka koma bayan la'asar. Hasken bayan la'asar bai gaza na safe da komai ba, kuma tsuntsaye na zuwa shan ruwa kafin su kwanta. Rigar sanyi, safa, hula, safar hannu da aka yanke kan yatsa biyu, domin jikin kyamara yana ɗaukar sanyi. Filas na ruwan ɗumi a gefe, ka riƙa kurɓa duk minti 15 ko da ba ka jin ƙishi. Mutum in ya sa ido a kyamara yakan manta da kansa, don haka sa ƙararrawar waya a kan girgiza: duk minti 20 ka miƙe, ka motsa ƙafa da kafaɗa. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya da rabi. A watannin Maris zuwa Mayu kuma zafi ne abin gudu, daga ƙarfe goma ka tattara; ko hoton ma ba ya kyau, iska mai zafi tana sa shi rawa.

Masu son fita, akwai dausayin Haɗeja da Nguru, da wurin tsuntsaye na Dagona a ƙasar Bade, jihar Yobe, wanda ke ƙarƙashin gandun Chad Basin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu agwagin da ke gudun sanyin Turai suna sauka a can, su tarar da kirinjijiya da ɗinya da ƙeƙuwa. Ka yi magana da likitanka kafin tafiya, ka tambayi halin hanya, ka nemi izinin ma'aikatan gandun, kuma kada ka je kai kaɗai. Maganinka na kullum, na rage ciwo, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro su kasance a jaka, da ruwa aƙalla lita 3, da gidan sauro. A can ma dabarar ɗaya ce: zauna a mota, sauke gilashi, ɗora jakar gero a ƙofa, a kashe inji saboda girgiza. Tsuntsaye sun fi sakin jiki da mota a kan mutum a tsaye. Kada ka shiga ruwa don neman kusanci. Akwai sanyi, akwai tsargiya, kuma ɗan ƙaramin yanka a idon sawu yakan zama gyambo mai wuyar warkewa ga mai sikila. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko zazzaɓi da ya kai digiri 38, a ajiye kyamara a nufi asibiti.

Ƙura kuma: kada a cire lensi a waje lokacin hunturu. A hure gilashin da robar hura iska tukuna, sannan a goge da ƙyallensa, ba da bakin riga ba, ƙurar nan tana karce gilashi.

Ranar da jiki ya ƙi, aikin kwance ne. Tura hotunan waya, ka zuƙo kan ido, wanda bai fito ba ka goge shi. Wanda ba ka gane ba, manhajar Merlin kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto. Sannan abin da ka gani a tsakar gidanka yana da amfani ga masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ke jagoranta, ana shigar da shi ta manhajar BirdLasser. A darasi na gaba za mu ɗauki hoto ɗaya na hasbiya mu gyara shi a waya, daga yankewa har rage tsaki-tsakin ISO 3200. Sai mun haɗu, Allah ya ƙara lafiya.