Ina ake sa "the", ina ake barinta?

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Makka muke gaishe ku, ni da Yaya Auwal. Tun da aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a makarantun Saudiyya a 2021, iyaye ke ta turo mana tambayoyin aikin gida, shi ya sa yau muka ɗauko Malam Habu. Malam, barka da zuwa.

Malam Habu: Barka kadai, 'yata.

Auwal: Allah gafarta Malam, mu da muka yi nahawun Larabci mun san magana kashi uku ce: ismu, fi'ilu, harfu. Sai Bature ya zo da takwas. Wahalar ta mece ce?

Malam Habu: Ai rabon ne ya yi ƙanana. Abin da Balarabe ya tara a ƙarƙashin ismu, Bature ya raba shi: suna daban, wakilin suna daban, sifa daban. Amma haddace takwas ɗin ba ya fitar da yaro a jarrabawa. Wurin da kalma ta zauna a jimla shi ke nuna aikinta. Ɗauki "book". In ka ce "a book", littafi ne, suna. In mai kula da alhazai ya ce "I book a room", kama ɗaki yake yi, ta zama aikatau.

Sadiya: To yaro zai gane ta yaya?

Malam Habu: Ya duba me ya gabace ta. Duk inda ya ga "a", "an" ko "the", suna na tafe, ko da sifa ta shiga tsakani, kamar "the old bus".

Auwal: Ni dai "the" ɗin nan ba ta ba ni tsoro. Alif da lam ce kawai, wato "al" ta Larabci.

Malam Habu: Nan ne fa yaranmu na unguwar Shara Mansur, nan Makka, suke faɗuwa, Auwalu! Balarabe yana cewa "alhayatu sa'aba", wato rayuwa da wuya, sai yaro ya rubuta "the life is hard". Kuskure ne. In ana maganar rayuwa baki ɗaya, ko ilimi, ko ruwa, Bature ba ya sa komai: "life is hard", "water is expensive". Sai in an keɓe abu, kamar "the water in this bottle". Hausar gida ma ta fi kusa da gaskiya a nan. Muna cewa ruwa ya yi tsada, amma ruwan da ke cikin gorar nan. Wancan ƙarin da ke ƙarshen "ruwan" ko "motar", yawanci shi ke kiran "the".

Sadiya: Kai, Malam, ashe da Hausa ya kamata in riƙa gwada wa ƙannena.

Malam Habu: Wajen "the", ƙwarai. Wajen "a" kuwa Hausar ce ke ka da su. Muna cewa ni malami ne, ba ƙari, sai yaro ya rubuta "I am teacher". Abu guda da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara a Turanci, dole "a teacher".

Auwal: "An" kuma sai gaban wasali, ko?

Malam Habu: Gaban sautin wasali, ba harafi ba. "An hour", don ba a furta h ɗin. Amma "a university", don da sautin "yu" ta fara. Kunne ake bi.

Auwal: To me ya sa ake cewa "the Red Sea" amma ba a cewa "the Jeddah"?

Malam Habu: Tekuna da koguna suna ɗauka: "the Red Sea", "the Nile". Garuruwa da yawancin ƙasashe ba sa ɗauka. "Saudi Arabia" kawai, sai in ka faɗi cikakken sunan, "the Kingdom of Saudi Arabia". Wannan kam sai hadda, ba ni da dabara.

Sadiya: Lokaci ya cinye mu. Masu sauraro, ga jimla ku gyara ku turo mana kafin Juma'a: "My brother is driver in the Madinah." Kurakurai biyu ne a ciki.

Auwal: Ni ɗaya na gani.

Malam Habu: To kai ma ka turo taka amsar.