Mita Talatin na Farko: Lacca kan Gudun Olusoji Fasuba

Jama'a, barkanmu da yamma. Abubuwa uku zan kawo kan Olusoji Fasuba, ɗan tseren Najeriya: tasowarsa, tashinsa daga layi, sai gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Na baya kuna ji na? To madalla.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. An haife shi a Sapele a 1984. Sau uku yana cin gudun mita 100 na Afirka: 2004, 2006 da 2008. Ya samu azurfa a wasannin Commonwealth na 2006, bayan Asafa Powell. Shi ke nan, mu je ga abin da ya tara mu.

Tashi! Ku duba, Fasuba ba dogo ba ne. Gajere ba shi da dogon taku, don haka dole ya ci kasuwarsa da wuri. A 2008, a Valencia, ya zama zakaran duniya a mita 60 na cikin ɗaki da daƙiƙa 6.51. Mita 60 kuwa kusan duk tashi ne, babu wurin gyara kuskure.

Masu horarwa, ku rubuta wannan. Madogarar ƙafa ta gaba, tafin ƙafa biyu daga layi. Ta baya, uku. Idan aka ce a shirya, gwiwar gaba ta lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, digiri 90, ta baya wajen 120, ƙugu ya ɗan fi kafaɗa tsayi. Ya ɗan fi, na ce, ba ya yi goho ba. Bindiga na tashi sai ya tura da ƙafafu biyu, ba ɗaya ba, hannu ya wulla da ƙarfi, jiki a karkace gaba, ido a ƙasa.

Ina yaranmu ke faɗuwa? Taku uku, sai yaro ya ɗago kai yana neman inda mahaifiyarsa ta zauna. (dariya) Wallahi da ya ɗago, ƙugu ya zauna, ƙafa ta sauka gaban jiki, ya taka wa kansa birki. Miƙewa a hankali ake yi, kamar jirgi zai bar ƙasa, har wajen mita talatin. A hankali. Zan sake faɗa: a hankali.

Sannan kada a koya wa yaro cankar bindiga. Na'ura na auna matsin ƙafa. Wanda ya motsa ƙasa da daƙiƙa 0.100 bayan harbi, an ɗauka ya riga bindiga. Tun 2010 kuwa sau ɗaya ne, ka fita. Usain Bolt ma haka ta fitar da shi a Daegu a 2011.

Na huɗu, au, na uku ne ko? Gudun miƙa sanda. A wasannin Olympics na Atina a 2004 Najeriya ta ci tagulla: Fasuba, Uchenna Emedolu, Aaron Egbele da Deji Aliu. Fasuba aka ba zangon farko, kun san dalili. Lokaci ya ja, mu bar maganar miƙa sanda. A 2011 ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya, yana ɗan shekara ashirin da wani abu.

Na'am, Malam, ga hannunka a sama.

Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, wai 9.85 ɗin nan nasa ba iska ce ta tura shi ba?

Yauwa, na gode da ka tuna min, na kusa tsallake babbar ranar. Doha, Mayun 2006, ranar da ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.85. Ana auna iskar da ke bayan masu gudu, idan ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi. Ran nan 1.7 ce, halal ɗinsa ne. Ya goge tarihin Afirka, 9.86 na Frankie Fredericks na Namibiya, wanda ya yi shekara goma a tsaye. Nasa kuma ya yi sha biyar, sai a 2021 Akani Simbine ya yi 9.84, Ferdinand Omanyala na Kenya ya zo a Satumbar shekarar ya yi 9.77 a Nairobi. Akwai wani hannun? Hajiya, bismilla.